Kuɗin Ƙarfe

Kawu Jatau bai tara filaye ba,
bai sa shanu a turke ba.
Shekara talatin yana ɗaure notin tarago a Reluwe,
ranar da ya ajiye sifana
sai ya koma tara bakunan tagulla.

Ɗakinsa na Tudun Nupawa a karkace ake shiga.
Garmaho goma sha ɗaya,
kowanne ya wage ƙaho kamar furen kabewa,
ɗakin na warin man keken ɗinki da tsohon katako.

Akwai mai ƙaho biyu, ɗaya gabas, ɗaya yamma,
Kawu na kiransa Magulmaci,
wai ba ya faɗin magana a kunne guda.
Akwai mai ƙaho uku, na tsakiya ya lotsa;
a Panteka ya tarar da shi bisa sikeli,
Nalado ɗan gwangwan har ya ɗaga guduma.
"Kilo nawa?"
"Tara da rabi."
Kawu ya biya kuɗin ƙarfe,
ya goyo murya a bayan keke.

Amma wanda ya hana shi barci
yana can ƙurya, an lulluɓe shi da zane:
mazaunin faifai biyu, allura biyu,
hannun wani guda ɗaya.
Ba ya karɓar faifai sai da tagwaininsa,
waƙa ɗaya, bugu ɗaya, su juya tare.
Kawu kuwa ɗaya gare shi tak,
takardar tsakiya ta goge, saura lamba,
wata mata na waƙa a ciki da kukuma,
ba mai rai da ya san sunanta.

Shekara bakwai ina riƙe masa jaka.
Kasuwar Barci, Kawo, lungunan Kabala,
duk inda aka ce tsoho ya rasu, ana fitar da tarkace,
mun je, mun yi ta'aziyya, mun leƙa ƙarƙashin gado.

A Kakuri ne,
bayan masaƙar da ta daina kuka,
muka tsaya shan kunun Mama Tabita.
Ta ɗaga murfin ƙwarya, Kawu ya ƙware.
Faifai ya koma faifai:
baƙi, da tsaga a gefe, yana rufe gasara.
Ya goge shi da hannun riga, ya karanta lambar sau uku.

"Na mijina ne," in ji ta.
"Injin ya fara mutuwa, shi ya bi baya.
Ba na sayarwa. Ku tafi da shi,
amma ran da zai yi magana, ina wurin."

Lahadi ta zo, da ɗankwalin coci,
Kawu ya sallame la'asar, ya sa sabbin allurai.
An ɗauke wuta. Ina ruwan garmaho?
Ya wana, ina ƙirgawa, ashirin da bakwai.

Farko ƙara, kamar ana soya gyaɗa a yashi.
Sai kukuma. Sai matar.
Sai matar kuma!
Tururin kunu ya lanƙwasa faifan Tabita,
yana zuwa a makare da numfashi guda,
murya na faɗa, murya na bi,
mace ɗaya na yi wa kanta amshi
daga bayan shekarun da ba mu ƙirga ba.

Kawu ya tsuke fuska, fita ne, ba ya son sassauci,
ya miƙa hannu ga sukuddireba.
"Bar shi," in ji Tabita.
"Haka Bulus ke bin ta, a baya-baya,
bai taɓa kamo ta ba."

Sifirin ya fara gajiya,
muryoyin suka yi kauri, suna jan ƙafa.
Kawu ya dubi allura, ya dubi baƙuwa,
ya matsa gefe,
ya nuna mata inda ake riƙe hannun wani.